CIWON HAƘORI A RUGA: A NEMI MAGANI TUN HANYA BA TA YANKE BA

Jawabin da sakataren reshen ƙungiyarmu na Mafaza ya yi wa makiyaya da fataken shanu a taron shirin tafiyar damina

 

Iyayenmu ardo-ardo da shehunan unguwanni, malamanmu, alhazai fataken shanu da dillalai, 'yan'uwa makiyaya manya da samari, da iyayenmu mata da ke zaune can baya suna saurare, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri a kan barin dabbobinsa da ya yi ya amsa kiran ƙungiya.

Kun saba in mun taru kamar haka, maganar burtali ake yi da masu tirakta da suka nome shi, da maganar mashaya, da harajin dabbobi. Waɗannan duka suna nan, za a zo kansu bayan sallar la'asar in Allah Ya so. To amma kwamiti ya ga ya dace a fara da wata magana wadda ake ganin ƙarama ce, har ma wasu sun fara murmushi tun da suka ji ta, wato maganar haƙori. Dalili kuwa shi ne, nan da 'yan makonni ruwa zai sauka, kogin Rahad zai kawo daga duwatsun Habasha, mu kuma za mu kora dabbobi arewa zuwa Butana. Kowa a nan ya san baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa. Daga watan Yuli har zuwa Oktoba akwai wuraren da mota ba ta shiga, sai tirakta, wani lokacin ma tiraktar sai an jawo ta. To haƙorin da yau yake ɗan tsikarinka in ka tauna abu mai tauri, shi ne a tsakiyar watan Agusta zai kumbura maka muƙamuƙi kana can dawa, tsakaninka da asibiti tafiyar kwana biyu cikin taɓo. Kusan babu daminar da ke wucewa ba a ɗauko mana wani a kan jaki ko amalanke fuska ta kumbura, baki ya ƙi buɗewa ba.

Mu ne kuwa ya kamata a ce mun fi kowa sanin darajar haƙori, domin da shi muke ciniki. Wane bafatake ne zai sayi sa bai buɗe bakinsa ba? Kun san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, a ƙasa take da guda 8. Da su muke gane wannan jada ne, wannan tani ne, wannan raba, wannan sadis, kamar yadda ake kiransu a kasuwannin ƙasar nan. Kuma kun san tsohuwar saniyar da haƙoranta suka zaizaye ko suka kakkarye, komai kyawun asalinta ba ta fita rani da ƙiba, sai a yi maza a kai ta wa mahauta. Ashe mun san cewa ƙarfin dabba a bakinta yake. Sai ga shi mutum ya san haƙoran shanunsa hamsin ɗaya bayan ɗaya, amma nasa guda 32 bai taɓa bari wani masani ya duba ba.

Bari mu faɗi yadda haƙori yake, kamar yadda likitoci suka yi mana bayani. Farin ɓawon nan na waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan'adam, ya fi ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, yana da 'yan ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyar jin zafi da hanyoyin jini suke, su bi ta cikin saiwa su shiga ƙashin muƙamuƙi. Abin da za mu riƙe shi ne, ƙashi in ya karye ana ɗora shi ya haɗe, amma haƙori in ya tsage ya tsage ke nan, ba ya haɗewa da kansa har abada. Kullum ka tauna abinci a kansa tsagar tana ɗan buɗewa tana rufewa, tana ƙara yin ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan su ne ƙwayoyin cuta na cikin baki, waɗanda za su bi tsagar har su cim ma ɓargo.

Me ke tsaga mana haƙora? Ba sai mun je nesa ba. Tsakuwar da ke cikin dawa ko wake ko riɗi in ba a rege su da kyau ba. Fasa ƙashi don a sha ɓargo. Gwaguyar goruba, da fasa ƙwallon aduwa da na magarya, da busasshen dabinon nan mai tauri kamar dutse. Sannan akwai wanda ya fi yawa a wurin samarinmu, wato mai da baki ya zama kayan aiki: da haƙori ake ɓalle murfin kwalbar allurar dabbobi, da haƙori ake jan igiya a ƙulle ɗan maraƙi, da haƙori ake kwance ƙullin da ya cije. Ga harbin saniya wajen tatsa, ga ƙaho, ga sanda in samari suka yi rigima a mashaya. Akwai kuma masu cizon haƙora cikin barci ba su sani ba, sai matansu ne ke jin ƙarar, wannan kuwa yana ƙaruwa in hankali ba a kwance yake ba, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 wa ke da kwanciyar hankali a ƙasar nan?

Amma babban mai share wa tsaga hanya shi ne sukari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, shayin da muke sha da asuba, da hantsi, da azahar, da dare, da gahawar jabana a tsakani, kowane ƙaramin kofi cokali uku, shi ne ke cinye haƙoran. Ƙwayoyin cutar baki suna cin sukarin su fitar da wani tsami, tsamin nan shi ke narka ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. Ba yawan sukarin kawai ba, yawan maimaitawar ya fi ɓarna, domin kowane kofi sabon hari ne. Haƙorin da cikinsa ya riga ya rube kamar icen da gara ta ci ne, daga waje lafiya lau, ranar da ya gamu da 'yar tsakuwa sai ya dare. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno da bakin Rahad da Dindir, nono da fura da asuwaki suka sani, sukari sai ranar suna ko salla. Mu kuwa mun tashi a ƙasar da ke da masana'antun sukari irin su Kenana da Junaid da Halfa, mun mai da shi abinci.

Yanzu ga yadda ake gane tsagaggen haƙori, domin yana da wayo. Ba kullum yake ciwo ba. Sai ka tauna wani abu ka ji wani tsini ya soke ka kamar allura, musamman a lokacin da ka saki cizon, sannan ya ɓace. Ka sha ruwan randa mai sanyi ka ji ya tsarga har ka, nan da nan kuma ya wuce. Sau da yawa ma mutum ba ya iya nuna takamaiman haƙorin, sai ya ce ɓangaren nan ne dai. Ya fi faruwa a manyan turame na ƙasa can ciki, domin su ke ɗaukar nauyin tauna. Ko a asibiti hoton haƙori ba kullum yake nuna tsagar ba, sai likita ya ba ka wani abu ka ciza haƙori ɗaya bayan ɗaya, ko ya haska fitila ta cikinsa. In ciwon yana wannan matsayi, to albishirinka, ɓargon bai lalace ba, ana iya ceton haƙorin. Wannan shi ne lokacin zuwa, kuma shi ne lokacin da ba mu zuwa.

Daga nan sai ciwon ya sake salo. Ya zo da kansa ba tare da ka tauna komai ba, ya yi ta zogi kamar ana buga ganga, ya tashe ka tsakar dare, in ka kwanta ya ƙaru, in ka kurɓi shayi mai zafi kamar ka yi ihu. Wannan alama ce ɓargo ya kamu. Sai kuma wata rana ka wayi gari ciwo ya ɗauke ɗif. A nan ne mutanenmu suke ruɗuwa, su ce maganin da wane ya ba ni ya yi aiki. Jama'a, ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu. Abin da ya mutu a cikin jiki kuwa ruɓewa yake yi. Bayan makonni ko watanni mugunya za ta taru a ƙarshen saiwa, ka ji haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, ko harshe ya taɓa shi sai ka zabura, wani ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana komawa.

To ga wurin da muke roƙon kowa ya buɗe kunnensa, musamman ardo-ardo, domin ku za a fara kira. Muguntar haƙoran ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshe sama da baya har ta toshe hanyar numfashi. Ta haƙoran sama kuma tana iya hawa wajen ido, daga can ta nufi ƙwaƙwalwa. Ko kuma ta shiga jini. Saboda haka in kuka ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, ko mutum ya kasa haɗiyar yawu yana dalala, ko bakinsa ba ya buɗuwa yatsu biyu su shiga, ko muryarsa ta sake kamar mai tuwo a baki, ko ido ya kumbura ya rufe, ko zazzaɓi da rawar ɗari sun haɗu da kumburin, to ba maganar gobe ba ce, ba maganar a jira ranar kasuwa ba ce. A wannan sa'a za a ɗauke shi, ko da tsakar dare ne, ko da sai an sayar da bijimi an yi hayar tirakta. A tafi da shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Mai ciwon sukari da tsoho da mace mai ciki da wanda ya rame da jinya, nasu ya fi saurin ɓaci. Mutum mai ƙarfi yana iya rasuwa cikin 'yan kwanaki a kan wannan, a ce iska ce ko sammu, alhali haƙori ne.

Kafin a kai ga likita, me mutum zai yi a ruga? Ya daina tauna a wannan ɓangare, ya koma kunu da nono da abinci mai laushi, ya guji mai zafi sosai da mai sanyi sosai da zaƙi. Ya tafasa ruwa ya bari ya yi ɗumi, ya zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin shayi, ya riƙa kurkure baki bayan kowane cin abinci. In bakin karayar yana da kaifi yana yankar harshe, ya mulmula ɗan kakin zuma mai tsabta ya rufe wurin. Kanumfari yana taimakawa, domin man da ke cikinsa likitocin haƙori ma suna aiki da shi, a ɗora ƙwaya ɗaya kusa da haƙorin, amma a sani kwantar da zafi kawai yake yi na ɗan lokaci, kuma man kanumfari na kwalba in ya yi yawa yana ƙona dasashi. Da dare a tada kai da matashi.

Maganar ƙwayoyi kuma sai mun tsaya a kanta. Farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol, mai lamba 500, babban mutum yana shan ɗaya ko biyu, ya jira aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya ƙara, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wuce hakan yana lalata hanta, kuma ba a jin ɓarnar sai bayan kwanaki. Ibufurofen mai lamba 400 ya fi shi aiki a kan haƙori, sau uku a yini, bayan an ci abinci. Amma shi da 'yan'uwansa su dikilofenak da asfirin ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki kada ya sha, mai ciwon ƙoda kada ya sha, mai ciki kada ta sha sai likita ya ce, kuma kada a ba yaro asfirin. Makiyayin da ya yini a rana a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, bai sha ruwan kirki ba, ya yi ta afa dikilofenak, ƙodarsa yake kashewa. In kuma akwai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi a lokacin sauro, a tsaya a kan farasitamol kaɗai, domin kun tuna zazzaɓin dengi da ya addabi Gadarif a 2023, shi kuwa waɗancan ƙwayoyi suna jawo wa mai shi zubar jini. Tiramol da samari ke saye a ɓoye, ba ma sai mun ce komai ba, wanda ya fara shi don haƙori zai ƙare yana sayar da tumakin ubansa.

Kafso, wato su amoksisilin da Flagyl, mutanenmu sun ɗauka su ne maganin haƙori. Ba su ɗinke tsaga, ba su kuma shiga cikin mataccen haƙori domin jini ya daina zuwa can. Amfaninsu shi ne tare mugunya in ta fara yaɗuwa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai ce a sha, ya faɗi adadi da kwanaki. Mai shan biyu yau ya ajiye, bayan wata ya sha uku, koya wa ƙwayoyin cutar yadda za su jure maganin yake yi, ranar da ya buƙace shi da gaske sai ya ƙi ci. Mun ga irin wannan a dabbobinmu, allurar da a da sau ɗaya take tada saniya yanzu sai a yi uku ba ta motsa ba.

Tun da mun ambaci dabbobi, ga abin da ya fi tada mana hankali. Akwai masu ɗibar maganin kaska su jiƙa auduga su cusa a kogon haƙori. Akwai masu ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko man birki. Akwai masu zuƙo Terramycin na shanu su sha ko su sa a yi musu allurarsa. Don girman Allah a bari. Maganin kaska guba ne, cikin baki kuwa yana zuƙar abu da sauri ya kai shi jini. Ruwan batir yana cinye dasashi har ƙashi ya fito. Maganin shanu an auna shi ne don dabbar da ta ninka mutum nauyi sau da yawa, kuma irin su Terramycin in mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ya sha, haƙoran yaron za su fito da launin ƙasa har iyakar ransa. Haka nan ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙuna kawai take yi, fari fat. Kumburin fuska kuma kada a yi masa sakiya ko ƙaho ko gashi da tsumma mai zafi. Masu zuwa kasuwa su turara maka hayaƙin 'ya'yan wani tsiro su nuna maka fararen tsutsotsi a cikin ruwa, babu wata tsutsa a haƙori, cikin 'ya'yan tsiron ne ke fashewa da zafi ya fito kamar tsutsa. Sai tumbak, wanda wasu ke dannawa a wurin ciwon wai yana kashe zafi. Tun shekarun 1990 likitocin ƙasar nan suka yi bincike suka nuna tumbak yana da sinadaran da ke kawo kansar baki masu yawan gaske, kuma a daidai inda ake ajiye shi a leɓe cutar take fitowa.

Wanzamanmu muna girmama su, sana'ar gado ce, kuma inda babu likita su ake samu. Amma tsagaggen haƙori ba ya fita da sauƙi, kan ne ke ɓallewa a bar saiwa a ciki, ciwo ya koma ya fi na da. Ga kuma awartakin da aka sa a bakin wani ɗazu. Ƙwayar ciwon hanta mai sa shawara tana iya yin mako guda da ranta a jikin ƙarfe ko da jinin ya bushe, goge shi da tsumma ko toka ba ya kashe ta. Sannan a ƙasarmu ta bakin Rahad akwai kala'azar, wanda ke kumbura saifa ya rage ƙarfin daskarewar jini. Mai irin wannan jinya, in aka fizge masa haƙori a gindin bishiya jini ya ƙi tsayawa, wa zai tsayar?

A wurin likita kuwa ba kullum cirewa ake yi ba, wannan ma a sani. In ɗan gefe ne ya ɓalle, cikowa ake yi a zama ɗaya. In tsagar ta yi nisa amma ba ta raba haƙorin ba, ana yi masa hula wadda za ta ɗaure shi kamar yadda ake ɗaure tsagaggiyar ƙwarya. In ɓargo ya kamu, ana kwashe shi a wanke cikin saiwar a toshe, haƙorin ya ci gaba da aiki shekaru, sai dai wannan yana son zuwa sau biyu ko uku da kuɗi masu ɗan kauri. In kuwa tsagar ta sauka ta raba saiwa biyu, babu dabara sai cirewa. Ana yin allurar kashe zafi, za ka ji ana turawa amma ba za ka ji ciwo ba. Maganar da ake yi wai cire haƙorin sama yana makanta ido ba ta da tushe, muguntar da aka bari ita ce ke barazana ga ido. Mai ciki ma ana duba ta ana yi mata aiki, ta dai faɗa wa likita watanninta. Bayan cirewa a cije audugar da aka sa kamar rabin awa, ranar nan kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da yawu, kada a sha taba ko a sa tumbak, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne maganinsa. Washegari a fara ruwan gishiri a hankali.

Akwai wani abu guda da Allah Ya ba mu wanda mutanen birni sai sun je kanti. In saniya ta harbi yaro ko babba haƙorin gaba ya fita ɗungurungum da saiwarsa, ana iya mai da shi ya kama. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara, a mai da shi raminsa yadda yake, mutum ya ciji tsumma mai tsabta a nufi asibiti. In an kasa mayarwa, a jefa shi cikin madara, wadda aka tafasa ta huce ta fi, ba nono mai tsami ba, ba ruwa ba, ba kuma a ƙulle shi a bakin rawani ba. In ya bushe awa guda saiwar ta mutu, a cikin madara kuwa tana yin 'yan sa'o'i. Guntun da ya ɓalle ma a sa shi a madara, wani lokaci ana manna shi. A kuma tambayi allurar sandarewar jiki, tun da a garke abin ya faru. Wannan duka ga haƙoran girma ne, haƙorin nono na ƙaramin yaro ba a mayar da shi, sai ya ɓata na ƙarƙashinsa. Iyaye mata, ga naku: turmin da ke fito wa yaro can ciki yana ɗan shekara 6 ba na nono ba ne, ba ya famfara, na har abada ne. Shi ne ake bari ya rube ana cewa ai zai sake wani.

To ina likitan yake? Nan ne maganar ta zama ta ƙungiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutane kusan biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki, ke nan ba mu kaɗai ba ne, amma namu ya fi tsanani saboda nisa. Likitocin haƙori a manyan birane suke taruwa. A da mai hali yakan wuce Madani ko Khartum. Yaƙi ya rufe Khartum a 2023, Madani ta faɗa hannun mayaƙa a Disambar 2023 sai Janairun 2025 soja suka karɓe ta, birnin Gadarif kuma ya cika da 'yan gudun hijira, asibitocinsa suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Makiyayin da ke tsakanin Mafaza da Hawata sai ya bar garke, ya biya mota, ya kwana a gari, ya bi layi. Ba mamaki ya zaɓi ruwan batir.

Amma mu muna biyan harajin dabbobi, muna biyan na kasuwa, muna ba da zakka, tumakinmu ke cika jiragen ruwa a Suwakin zuwa Saudiyya, shanunmu ke tafiya Masar. Mai karɓar haraji yana gano mu duk inda muka sauka, mai allurar dabbobi ma yana gano mu. Cutar bushiya da ta ƙarar da garkunan kakanninmu, a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da taimakon 'ya'yan makiyaya da aka koya wa allura suka shiga dawa aka yi nasarar. A ƙasar Cadi tun shekarar 2000 aka gwada haɗa ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi a mota ɗaya, a yi wa shanu rigakafi a yi wa yara da mata a zuwa ɗaya, kuɗi suka ragu, jama'a suka fito. A Tanzaniya kuma tun tsakiyar shekarun 1980 aka fito da hanyar cike ƙaramin kogon haƙori da kayan hannu kawai, ba wuta ba inji, kuma garin da ake cikon da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole a 2021, tare da man goge baki mai fuloraid. Ashe abin da muke nema ba sabo ba ne. Takardar da kwamiti ya rubuta zuwa ga hukumomin lafiya tana neman abu biyu: a sa ma'aikacin lafiya mai sanin haƙori cikin ayarin rigakafin dabbobi, a kuma turo likita Mafaza a ranakun kasuwa sau biyu a shekara, kafin mu tashi da bayan mun dawo. Muna son ardo-ardo da shugabannin fatake su sa hannu ko su dangwala yau, domin takardar da ba ta da sunaye a aljihun tebur take kwana.

Kafin su amsa, namu aikin yana hannunmu. Asuwaki da muka gada sunna ne kuma yana aiki, a yi shi da safe da kuma kafin barci, a kai shi har turamen ciki, a riƙa yanke kan da ya tsufa. Wanda ya samu buroshi da man goge baki ya haɗa, ya tofar kada ya kurkure. Cokali uku na sukari ya koma ɗaya. Kowane saurayi ya rataya wuƙa da 'yar filaya ya bar bakinsa ya huta. Alhazai fatake, ku da kuke hawa mota zuwa Fau da Gadarif kowane mako, ba ku da uzuri, kuma muna roƙonku ku riƙa rage wa marasa lafiyan ruga hanya.

Duk wanda ya san yana da haƙorin da ke tsikarinsa, ko matarsa ko ɗansa, ya tsaya bayan an shafa fatiha ya ba ma'aji sunansa da sunan ardonsa. In sunaye sun cika mota za mu yi haya ɗaya a tafi Gadarif tare kafin ruwan farko, ƙungiya ta ɗauki rabin kuɗin motar daga asusu, mai haƙori ya ɗauki rabi da kuɗin likita. Mata kuma uwargidan ardo za ta karɓi nasu sunayen a can inda suke zaune.